Yadda za ka gyara takalmin taya a gida

Ƙurar hunturu a Gusau ba ta raga wa takalmin taya. Da ka ji tayar ta fara ƙara kamar tana tauna yashi, boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye da ke sa taya juyawa, ya sha ƙasa.

Fara kwance tayoyin da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti, yawanci mai milimita 4. Ka jera su yadda ka ciro su, kada su cakuɗe. Kowace taya boris biyu ke cikinta; zaƙulo su a hankali da bakin ƙarfen da ke riƙe tayar.

Zuba su a gwangwani da kananzir kaɗan, ka girgiza har baƙin dattin ya fita, sannan ka shanya a kan tsumma. Nan ne ake gaggawa a yi ɓarna. Bari su bushe sarai, don sauran kananzir tsinka sabon mai yake yi. Ruwa kuwa kada ya taɓa su, tsatsa za su yi.

Ɗiga man keken ɗinki, ɗigo biyu a kowane. Don Allah ƙanena, banda baƙin mai, ƙura yake kamawa.

Wajen mayarwa, juya gefen tayar da ya cinye ya kalli waje. Ɗaure, ka murza da yatsa: in ta tsaya da wuri, sassauta kaɗan.