Kurakuran da masu kiwo ke ta maimaitawa kan cutar bakkale

Wallahi na gaji da ganin sabbin masu kiwo suna faɗawa ramin da na faɗa. Cutar burusela, wadda makiyaya ke ce wa bakkale, daga dabba take tsallakowa jikin mutum. Tun 1887 likita David Bruce ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta amma har yau riƙon sakainar kashi muke mata.

Na farko, ɗaukar duk wani zazzaɓi a matsayin maleriya ko taifod. Akuyata ta yi ɓari, na sa hannu haka nan ba safa na kwashe ɗan da mabiyiyar, ga yanka a yatsana ko a jikina. Bayan kamar sati uku zazzaɓi ya fara, yau ya zo gobe ya lafa, da daddare gumi har zanin gado ya jiƙe sharkaf, baya kuwa kamar zai ɓalle. Na sha maganin maleriya sau uku, na taifod sau biyu, kuɗin magani da gwaje-gwaje sai da suka cinye min awaki huɗu, ga aiki ya tsaya cak wata biyar. Duk zuwana asibiti ban taɓa cewa ina kiwo ba, ranar da na faɗa a ranar likita ya rubuta min gwajin jini na Rose Bengal aka gano ta. Dan Allah in ka je gaban likita ka buɗe baki ka ce kana mu'amala da dabbobi, menene wahala a ciki?

Na biyu ya fi ƙona min rai. Maganin nan, yawanci doxycycline haɗe da rifampicin, sati 6 cur ake sha, saboda ƙwayar ɓuya take a cikin ƙwayoyin jiki. Sai mutum ya sha kwana goma ya ji dama-dama ya watsar, wai ya warke. Wa ya ce maka ka warke? Dawowa za ta yi, tana iya sauka a gaɓoɓi ko kashin baya ko maraina, wani ma har zuciya, kuma ta nan take kisa. Ni a waya nake sa alam, ina soke kwanakin a kalanda ɗaya bayan ɗaya. In fitsari ya yi ja kar ka tsorata, aikin rifampicin ne. Mai ciki da ƙaramin yaro kuma maganinsu daban ne, kar ka yaga naka ka ba su.

Madara ɗanya a tafasa ta kafin a sha, ko da ta saniyarka ce.

Ɗan ɓari kar a jefa wa kare, a binne shi da zurfi.

Sabuwar dabba ni wareta nake sai an gwada ta. Allurar rigakafi ta dabbobi ce kaɗai, mutum ba shi da ita, toh ka kira likitan dabbobi ya yi wa garkenka.