Yadda Ake Gane Madubin Bindiga Mai Inganci Kafin a Biya Kuɗi

Wani abokina maharbi daga wajen Toro ya yi odar madubin bindiga ta intanet, kwali sai ƙyalli yake, an rubuta 6-24x50 a jiki. Da rana tsaka ya leƙa, har ganyen kuka yana ƙirgawa daga nesa. Da magariba ta kawo kai, lokacin da naman daji ke fitowa kiwo, sai ya ga dishi-dishi kawai. Kuɗi kuwa sun riga sun tafi.

Fara da lambobin nan. Idan ka ga 3-9x40, ma'anarsa madubin yana jawo abu kusa daga sau 3 zuwa sau 9, 40 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Raba 40 da 9, za ka samu 4 da 'yan kai. Wannan shi ne faɗin hasken da ke isowa idonka. Ƙwayar idon matashi kan buɗe zuwa kusan milimita 7 a duhu, ta dattijo kusan 5. Na abokina, in ya murɗa shi ƙarshe, 50 a raba da 24, milimita 2 ke nan. Ina zai ga wani abu? Mutanenmu suna son babbar lamba, alhali ɓauna ko gwanki ba ƙananan dabbobi ba ne. A dokar daji mai sarƙaƙiya, jawowa da yawa ƙuntata maka gani take yi, dabba ta matsa taku biyu ka neme ta ka rasa. 3-9 ta wadatar.

Na biyu, kada ka yarda a gwada maka a ƙarƙashin fitilar shago. Ka ce wa mai kaya, “Alhaji, bari la'asar ta yi sakaliya mu fita waje.” Ka auna gindin wata bishiya mai inuwa, ka duba ko kana rarrabe ɓawo da duhun da ke bayansa. Sannan ka kalli gefe-gefen da'irar. Madubin banza tsakiyarsa ce kawai garau, gefen sai hazo da wani shuɗi-shuɗi. Juyo da gilashin gaba wajen fuskarka kuma: mai kyau yakan nuna ɗan kore ko shunayya mai duhu, wanda ya nuna maka fuskarka tar, hasken da ya kamata ya shiga ne yake mayarwa waje.

Na uku, tazarar ido. Ja madubin nesa da fuskarka har da'irar ta cika. Babbar bindiga irin .375, wadda ƙasashen Afirka da dama suka sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga farautar ɓauna, tana da shuri mai ƙarfi. In tazarar ba ta kai santimita 9 ba, bakin madubin zai iya tsaga maka gira.

Na huɗu, maɓallan saiti. Ɗora madubin kan buhun yashi ya zauna daram, ka sa gicciyen saiti da ke cikin madubin kan ƙusa a bango. Murɗa sama sau 20, ka dawo sau 20. Dole gicciyen ya koma kan ƙusar, kuma kowace murɗa ta yi ƙas a yatsanka. A yawancinsu murɗa ɗaya kusan milimita 7 ce a nisan mita 100.

Ka tambaya ko an cika cikinsa da iskar naitirojin an toshe, saboda raɓar damina. Ƙurar hunturu kuwa a hure ta tukuna. Goge ta da bakin riga tamkar gurza gilashi da yashi ne.

Saura inda za a yi farautar. Bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuma na Kwamishinan 'yan sanda. Yankari da ke Alƙaleri, wadda aka keɓe tun 1956, ba a harbi a cikinta ko kai ne Sarkin Baka. Haka ma Sumu a Ganjuwa. Mai son farautar manyan dabbobi bisa doka sai ya nufi Namibiya, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, ko yankunan farauta na arewacin Kamaru, da izini da ɗan jagora, kuma da dala ake magana.

Ni dai shawarata ga ɗan Bauchi, ya koma kallon dabbobi maimakon farauta: ya yi wa madubin hannu mai ido biyu, 8x42, gwajin haske iri ɗaya. Ya shiga Yankari a ƙarshen rani, wajen Maris, sa'ad da tafkuna suka ƙafe dabbobi suka tattaru a bakin Kogin Gaji. Ya bi motar safe, kafin rana ta ɗaga.