Yadda Za Ka Dawo da Kaifin Tunani Bayan Sabo da Kallon Batsa

Bidiyon batsa kan miƙa wa ƙwaƙwalwa hoto kammalalle, har wasu su ji ta saba da karɓa, ta rage ƙagowa. Sai tela a Gusau ya tasa yadi gaba, sabon salo ya ƙi zuwa.

Da dare aka fi komawa kallon. Bayan Isha'i, bar waya a wani ɗaki. A Android, shiga Settings, nemi Private DNS, rubuta family.cloudflare-dns.com, wannan saitin yana toshe yawancin shafukan batsa. Amma ba ya tare abin da ake turowa ta Telegram da WhatsApp, don haka fice daga waɗancan guruf.

Cike gurbin da minti 20 na karatun labari ko wasan kwaikwayon rediyo, inda kai ke zana fuskoki a zuci. Makon farko akwai gundura. In ka zame, washegari ɗora daga inda ka tsaya.