Masu shirin zuwa Landan, ku zo mu yi maganar gidan abinci

Sati uku ke nan da na zo hutu gida daga Landan, kuma kusan kullum bayan la'asar sai yaro ya yi sallama a ƙofar gidanmu nan Mabera, wai ya gama Danfodiyo ya samu gurbin karatu a Ingila yana son shawara. Tambayarsu iri ɗaya ce, biza, sanyi, gidan haya. Ba wanda ke tambayar ciki, alhali ta nan kuɗin yaranmu ke zurarewa a watan farko, na gani da idona har na gaji da gani.

Samun halal a Landan ba wahala, wannan kar ya dame ku. Ka je Whitechapel kusa da babban masallacin gabashin Landan, akwai Tayyabs da Lahore Kebab House, gasasshen nama na 'yan Fakistan, mutum uku ku haɗa kuɗi ku ci ku ƙoshi, ni dai a ganina nan ne kuɗinka ke yi maka aiki. Amma ana barin mutane su shigo da giyarsu, to kar ka ga kwalba a teburin maƙwabci ka zabura. Edgware Road ta Larabawa ce, abinci da daɗi amma kuɗin unguwar kake biya ba na abincin ba. In kewar gida ta taso sai Peckham, Alhaji Suya na nan, yajinsa ya yi, duk da dai wanda ya saba da tsiren Sakkwato sai ya yi haƙuri da farashi. Mai tsanani a kan yanka ya duba tambarin HMC, hukumar da ke tantance halal, a jikin gilashin shago. Nando's kuwa, masu gasa kaji, wasu rassa ne kawai halal, ka tambaya tukuna.

To abin da ya ci ni shi ne gayyata. A nan gida wanda ya ce taso mu je mu ci abinci shi ke biya, ko ba haka ba? Har kokawa ake yi wajen mai shayi, wannan na tura kuɗi wancan na riƙe masa hannu yana rantsuwa. Da wannan tunanin na sauka. Satina na uku 'yan ajinmu suka ce in zo cin abincin dare wata na murnar ranar haihuwarta, na saka shadda ta mai kyau na tafi. Saboda kara, kar in yi wa mai gayya nauyi, na zaɓi abu mafi arha, shinkafa da ɗan kifi, na ce a ba ni ruwa. Su kuwa ana ta kawo kwalabe ana kawo faranti ana dariya, ni ma ina taya su dariya ban san kaina nake yi wa ba. Da aka kawo takardar kuɗi sai ɗaya ya ciro waya ya raba gida tara daidai wa daida, fam 46 kowa, har da kuɗin giyar da ko warinta ba na so. Fam 60 ne duka a katina na sati, kunya ta hana ni magana, na miƙa kati aka zara, wallahi a bas ina komawa gida ina ta juya kuɗin zuwa naira har kaina ya yi ciwo. Kwana shida na yi kan burodi da indomi.

Da na duba rasit daga baya na ga har ruwan nan na gora ne aka saka min kuɗinsa, don ban ce na famfo ba. Duk gidan abincin da ke da lasisin sayar da giya dole ne a doka ya ba ka ruwan famfo kyauta, amma sai ka faɗa da bakinka. A ƙasan rasit ɗin kuma ga kuɗin hidima, kashi 12.5 cikin ɗari, wanda yawancin manyan wurare a Landan ke ɗorawa. Na ganin dama ne, kana iya cewa a cire, ni dai ina bari in an kula da ni da kyau, tunda daga Oktoban 2024 doka ta ce na ma'aikata ne duka. Amma in yana ciki kar ka ƙara wani tukuici a kai.

Maganin abin ba wuya, tun kafin a fara oda ka ce ni ba na shan giya, kuɗin abin da na ci kawai zan biya. Ba wanda zai harare ka, mai kawo abincin zai zagayo da POS kowa ya biya nasa.

Wani ƙanenmu kuma bara shi ta ɗayan ɓangaren ya faɗa. Ya fita da Turawa huɗu, jinin Sakkwato ya motsa, ya ce ku bari ni zan biya, yana jiran a yi masa gardama irin ta gida. Suka ce sun gode, shi ke nan. Da dare ya kira ni murya na rawa, "Yaya, wanga mi na na?" Na ce masa kai ka ɗauko, sai ka sauke. Washegari dai muka yi masa karo-karo a guruf ɗinmu, don mu a can ba ma barin namu ya kwana da yunwa, matan aurenmu ma duk ƙarshen mako akwai gidan da ake tuƙa tuwo.

Ranakun makaranta ka dafa a gida, in ta kama ka shiga kantin Tesco ka ɗauki haɗin abincin rana na ƙasa da fam 5, ka zaɓi na kifi ko ƙwai. Kuma don Allah ku faɗa wa su Inna kar a cusa muku kilishi ko man shanu a jaka, an hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Ni kuka da yaji da daddawa nake ɗauka, wannan karon ma an riga an daka min.