Tsohon soja da ciwon da ya ƙi tafiya: yadda ake neman kulawa a asibitocin Kano

Duk ciwon da ya haura wata uku yana cin mutum, likitoci na ɗaukarsa daban da ciwon yau da gobe, kuma maganinsa ma daban ne. 'Yan mazan jiya sun fi kowa saninsa: gwiwar da ta sha faretin shekara talatin, bayan da ya yi dakon kaya a Laberiya da Saliyo zamanin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, ɓarɓashin bam da ya zauna a cinya tun daga Arewa maso Gabas, ko ƙafar da aka yanke amma har yau tana zugi kamar tana nan. Sai mutum ya yi sammako, ya wuni a kan benci, a sallame shi cikin minti uku da fanadol. Galibi ba mugunta ba ce. Layi ya kai bakin ƙofa, kuma abin da aka faɗa wa likitan bai ishe shi aiki ba.

Fara da takardu, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Kamfanin DHML ne ke riƙe da inshorar lafiyar sojoji, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya, a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon tsarin NHIS. Ka je teburin inshora na asibitin da aka yi maka rajista, a duba sunanka a gabanka. Riƙe takardar sallama daga aiki, katin shaidar ritaya da lambar NIN, kowanne da kwafi biyu a jaka. Idan an rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ranar haihuwa ta sha bamban, ka gyara tun kana iya tafiya da ƙafarka. Wannan asibitin na farko shi ke tura ka gaba, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma turawar na tafiya ne da takarda da lambar izini daga kamfanin inshora. Wanda ya yi gaban kansa ya biya kuɗi kafin lambar ta fito, da wuya ya sake ganin kuɗinsa. Wanda ba ya cikin wannan tsari, ya nemi shiga na jiha a hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA.

Sai littafin ciwo. Ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, da boko ko da ajami, ko jika ya riƙa rubutawa. Mako biyu kafin ranar ganin likita, safe da dare, a rubuta inda ciwon yake, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, abin da ya tayar da shi, maganin da aka sha da awa nawa ya yi aiki, da abin da ciwon ya hana. Likita zai ce, "Baba, me ke tafe da kai?" Idan amsar ita ce "Wallahi likita, jikin ne duk ba daɗi," to fanadol za a rubuta. Amma ka ce masa: "Wata takwas ke nan. Daga ƙugu yake saukowa ta bayan cinyar dama har babban yatsa, kamar an jona min wuta. Ba na iya ruku'u, daga gida zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu, kuma yana tashina ƙarfe biyun dare." Wannan magana ta rabin minti ta riga ta nuna masa jijiya ce aka danne a baya.

Kalmar da ka zaɓa tana sauya maganin. Zugi da ƙagewar gaɓa, musamman in an tashi daga zama, sun fi kama da amosanin gaɓɓai. Ƙuna, suka kamar allura, sagewa da tafiyar kiyashi a tafin ƙafa kuwa na jijiya ne, kuma diclofenac da ibuprofen ba su cika yi masa komai ba. Nasa maganin su ne irin amitriptyline, da ake farawa da miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko gabapentin. Ba sa aiki a rana ɗaya, sai an ba su mako biyu zuwa huɗu, kuma mutane da yawa na jefar da su a kwana na uku suna cewa ba su da ƙarfi. Amitriptyline na busar da baki, yana sa jiri, yana iya riƙe fitsari, don haka mai matsalar mafitsara ko ciwon zuciya ya faɗa kafin a rubuta.

Ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya ka ajiye a kan teburin likita, har da na gargajiya da haɗin kemis. Haɗin nan na ƙwaya biyar ko shida a ƙulle ɗaya shi ne babban abin tsoro. Sau da yawa akwai magungunan kumburi biyu a ciki, kamar diclofenac da piroxicam, tare da dexamethasone. Jiki kan yi sakayau na kwana biyu, amma a hankali sai gyambon ciki, hawan jini, tashin suga da lalacewar ƙoda. Wanda ya daɗe yana shan irinsu ya nemi a auna hawan jininsa da suga, a yi gwajin ƙoda da na yawan jini, kuma kada ya yanke dexamethasone rana ɗaya ba da sanin likita ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta alamar jini ne a ciki. A watan azumi, musamman in ya faɗo a zafin Afrilu, haɗarin ƙoda na ƙaruwa saboda ƙarancin ruwa a jiki. Shi ma fanadol yana da iyaka: ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk awa shida, kada a wuce takwas a yini, tsoho marar nauyi ko mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka.

Batun tiramadol na bukatar magana a fili. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, likitocin Kano na ɗari-ɗari da duk mai neman magani mai ƙarfi, har mai ciwon gaske yakan sha kallon zargi. Kada ka shiga da sunan magani a bakinka. Ka nemi a rubuta maka tsari a fayil: me za a fara da shi, yaushe za a sake dubawa, me zai biyo baya in bai yi ba. Tiramadol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 da 100 ne. Mai 225 da ake sayarwa a ɓoye haramtacce ne, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba da shi ya faɗa wa likita gaskiya a rage masa sannu a hankali.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti da su: fitsari ko bayan gida ya kuɓuce ko ya ƙi fita, sagewa tsakanin cinyoyi, ƙafa ta yi rauni har ana janta, ko ciwon baya tare da zazzaɓi da rama. Sashen gaggawa ake nufa a ranar, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Ka roƙi a tura ka sashen gashi, domin ga baya da gwiwa motsa jikin da ake koyarwa a can ya fi allura amfani, in dai ana yinsa a gida kullum. Gashi da tawul da ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20 ya isa, mai suga ya sa wani ya taɓa ruwan tukuna. Sanda a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, wato gwiwar dama, hannun hagu. Mai ƙafar roba da ta fara goge masa fata ya koma Dala a gyara mazauninta, kada ya yi ta cusa tsumma. Mugun mafarki, firgita da rashin barci su ma a faɗe su, domin suna ƙara wa ciwo ƙarfi kuma suna da magani.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya gyarawa ba, kamar "babu magani, je ka saya a waje" ko lambar izini ta yi mako uku ba ta fito ba, na ƙungiya ne. Ku zauna a reshenku na ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, ku naɗa mutum uku su tattara koke na wata biyu a takarda iri ɗaya: kwanan wata, sashe, abin da ya faru, kuɗin da aka kashe da rasit. Kowa ya sa hannu da yardarsa, kuma kada a bayyana cutar kowa a fili. Takardar koken kada ta wuce shafi ɗaya, da bukatu uku da za a iya aunawa, misali rana ɗaya a mako ta tsofaffin sojoji, likita ɗaya mai bin fayil ɗinsu, da jami'i mai lambar waya da ke bin lambar izini. A miƙa wa shugaban asibiti, a ba DHML da ofishin NHIA na Kano kwafi, da teburin karɓar koke na SERVICOM in asibitin tarayya ne, a kuma ambaci Kundin Haƙƙin Marasa Lafiya na 2018. Kowane kwafi a buga masa hatimin karɓa, ku riƙe naku. Zagi da sunan ma'aikaci a Facebook yakan rufe ƙofar da ake nema, gidan rediyo ma kada a je sai an rubuta sau biyu ba amsa.

Manya sun fi sauraro gab da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, don haka a miƙa takardar tun Nuwamba, a koma bayan mako biyu da kwafin mai hatimi a hannu, a nemi a sa ranar zama a rubuce.