Yadda ake gane Vitz RS ta gaske kafin a biya kuɗi a Kumasi

Vitz ta cika titin Aboabo da Asawase, kuma da yawa suna ɗauke da tambarin RS, wato samfurinta na 'yan tsere, a baya. Tambari abin liƙawa ne, ana samunsa a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyaran mota. Lambar shasi ita ce shaida.

Toyota ta fito da Vitz a Japan a 1999, a Turai kuma ta kira ta Yaris. RS ta biyo baya a 2000 da injin 1NZ-FE mai lita 1.5, ƙarfin doki 110. Zubi na biyu ya zo a 2005, na uku a ƙarshen 2010. A 2020 aka ajiye sunan a Japan, shekarar da GR Yaris mai turbo ta fito. Sabuwar Vitz da ake sayarwa a Afirka tun 2023 kuwa Suzuki Celerio ce aka sauya wa tambari, ba danginsu ɗaya ba.

Fara da lambar. A zubi na biyu tana buge a ƙarfen ƙasa, ƙarƙashin kujerar gaba ta dama. Ɗaga murfin kafet ka gwada ta da takardun DVLA, hukumar rajistar motoci, harafi bayan harafi. KSP90 da KSP130 injin lita 1.0 ne mai silinda uku. SCP90 da NSP130 lita 1.3. Mai neman 1.5 a zubi na biyu ko na uku sai ya ga NCP91 ko NCP131. Idan ka ga KSP da tambarin RS, kwalliya ake son sayar maka. Ko NCP91 ɗin ma ba duka ne RS ba, don haka leƙa ta cikin wilin baya: RS 1.5 birkin faifai gare ta a baya, sauran na ganga. Tayar RS ta asali 195/50R16 ce.

Sai babban batu, sitiyari. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, Vitz kuwa a Japan sitiyarinta a dama yake, sai an juya shi kafin ta hau titi a nan. A wannan aiki ake ɓata mota mai kyau. Kunna makulli ka kalli fitilar jakar iska: ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala. Sa kai ƙarƙashin dashbod da tocila. Wayoyin da aka ƙara wa tsayi aka naɗe da salatif, ba a yi musu dalma ba, su ke kawo ɗaukewar mita da ƙonewar fis. Buɗe bonet ka duba inda aka huda bango aka mayar da tukunyar birki. Tsatsa ko walda mai ƙuraje a wurin ya isa ka haƙura da motar, domin rai ne a kai. Sannan murɗa sitiyarin har ƙarshe dama da hagu. Zagayen ya zo daidai, babu ƙara, babu cijewa.

Injin 1NZ-FE mai haƙuri ne. Sarƙar taimin gare shi, ba bel ba, yana shan baƙin mai kusan lita 3.7 in an haɗa da filta. A tashe shi da sanyin safiya: ƙarar kacau-kacau da ta daɗe alama ce an yi sakaci da canjin mai.

Giya ce ke cin aljihu. RS ta zubi na biyu da na uku tana zuwa da giyar hannu mai biyar ko CVT, wani nau'in giyar otomatik. CVT ba ta shan man giyar otomatik na gama-gari, nata daban ne, TC ko FE, yadda aka rubuta mata. Wadda aka zuba wa ATF, wato man gama-garin nan, za ka ji tana kuka, tana fizga a hawan tudu, inji na ihu mota ba ta gaba. A ra'ayinmu, duk mai son jin daɗin RS ya nemi ta hannu: kulocinta kowane makaniki a Magazine zai iya canzawa.