Faɗuwar gaba a sanyinka na farko a Ingila

Ɗan'uwa, duhu ne zai fara taɓa ka tun kafin sanyi. A Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk su matse cikin awa huɗu. Ka dawo ɗaki kai kaɗai, ga kuɗin haya, ga 'yan gida na jiran aike. Wata rana haka kawai sai gabanka ya yanke ya faɗi, ƙirji ya ɗaure, hannu na rawa.

Ni a cikin bas abin ya fara kama ni, na ɗauka ajali ne. Da ya lafa kuma sai na hau kaina da faɗa: wai raki ne, wai ƙarancin tawakkali ne. Wannan faɗan ya fi fargabar wahalar da ni.

Ka duba fa. Yaro ya yi tuntuɓe mu ce masa sannu. Mai ɗauke da kaya, sannu. Mara lafiya, sannu da jiki. Kai da ka baro uwa da dangi ka zo inda ba ka san kowa ba, wa zai ce maka in kai ba ka ce ba? Ka faɗa wa kanka, a fili ma, yadda za ka faɗa wa ƙaninka.

Idan abin ya taso, ka zauna, ka dafa ƙirji, ka nemi inda yake: maƙogwaro ne, ciki ne, kafaɗu ne? Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali har 6; tsawaita fitar da iska yana rage bugun zuciya. Galibi yakan lafa cikin minti 5 zuwa 20. Alwala da ruwan ɗumi, kana jin ruwan a kowace gaɓa ba gaggawa, ta taimake ni ƙwarai.

Tun kana lafiya ka yi rajista da likitan unguwa, wato GP. Kyauta ne, kuma kana iya neman tafinta. A Ingila za ka iya tura kanka NHS Talking Therapies, sashen hukumar lafiya da ke magance damuwa ta hanyar tattaunawa, ba sai likita ya tura ka ba. In dare ya yi maka tsawo, Samaritans, ƙungiyar masu sauraron mai damuwa, suna ɗaga waya a 116 123 kowane lokaci. Ciwon ƙirji mai tsanani da ke sauka zuwa hannu ko haɓa kuwa, kada ka tsaya ƙirga numfashi, kira lambar gaggawa, 999.